Ɗigon Ƙarshe

Kawu Bappayo ya bar mini shagon hoto a Jekadafari,
da kujera mai ƙafa uku da rabi,
da labulen da aka zana wa jirgin sama,
da fayil dubu tara da ɗari huɗu a cikin kwamfuta,
kowanne fuskar wani ce.

Mutane na zuwa.
"Hoton tsohonmu, na shekarar da ya sauke farali."
"Na innata, tana rungume da rediyo."
Ni kuwa in ta lalube
kamar mai neman ɗan kunne a rumbun gero.

Daren Laraba wuta ta zo ƙarfe sha ɗaya,
na ce yau na'ura za ta yi mini tsintar.
Na rubuta mata umarni, layi bakwai:
ga sunan fayil nan, dogo kamar hanyar Dukku,
bi shi har sanda ta ƙarshe mai jirkice,
zubar da duk abin da ya gabace ta,
unguwa ce kawai da lungu, ba mutumin ba.
Sannan nemi ɗigo. Yanke nan.
Haruffa ukun da ke biye wutsiya ce.
Abin da ya rage a hannunki shi ne suna.

Na danna.
Kafin kofin shayi ya kai bakina ta gama.

Rifkatu Yila ta fito lafiya.
Dudu mai nono ta fito, Manga direba ya fito.
Sai na gangara ƙasa:
Alh
Alh
Alh
ɗari uku da sha biyu,
sahu guda kamar a filin Idi,
ba mai suna ko ɗaya.

Ashe Kawu ba ya rubuta babba gatsau.
Alh, ɗigo, sannan sunan yanka.
Wuƙata ta faɗa kan ɗigon farko,
ta adana rawani, ta yar da kai.
Na yi dariya har mai gadin kantin magani ya leƙo
ya ce lafiya?

Ba laifinta ba ne.
Ɗan aike ce mai kunne ɗaya,
abin da ka faɗa take ji, ba abin da kake nufi ba.
Na ce to, fara daga ƙarshe ki yo baya,
yadda Goggo ke lissafa dangi,
daga jinjiri zuwa kakan kaka.
Ɗigon da kika fara tararwa, shi ne iyaka.

Alhazai suka dawo da sunayensu.
Amma na manta daga sifili take ƙirga,
na rage ɗaya inda ba a ragewa,
Sambo ya zama Samb, Yila ta rasa wasalinta,
garin Gombe kaf an gutsure masa baki.
Na mayar.
Ɗanjuma kuma ya fito da alamar tambaya a goshi,
lanƙwasar harafinsa ta shige mata duhu,
kamar tana ce mini: an jima?
Na ce a'a, yanzu. Na koya mata ƙugiya.

Wajen ƙarfe huɗu jerin ya tsaya cak,
kowa da sunansa, daga Abashe har Zubaina.
Ina dubawa ina hamma
sai ga wani, gajere, da ƙananan baƙaƙe:
ita

Na zaci wuƙar ce ta sake ɓarna.
Na koma asalin. Babu ɓarna.
Sanda, ita, ɗigo, wutsiya.
Iyakar abin da Kawu ya rubuta ke nan.

Na buɗe.
Mace ce gaban labulen jirgi,
tana dariya, hannu ɗaya ya motsa ya yi hazo,
takalminta a gefe kamar ba ta shirya ba.
Ban san ta ba. Goggo ma, da safe, ta ce ba ta sani ba,
amma ta daɗe tana kallo.

Layi bakwai ɗina ba su da inda za su ƙara yanka.
Na bar ta a jeri yadda ta zo,
tsakanin Isiyaku da Iyatu,
ko wata rana wani zai shigo
ya tambaye ta da wannan sunan.